TSORO A HANNUN MAI SAURARO: NAZARIN WASAN RESIDENT EVIL BISA MA'AUNIN TATSUNIYAR DODO

1.0 GABATARWA

Manazarta adabin Hausa sun saba raba shi gida biyu, wato na gargajiya da na zamani, sa'annan su kasa kowane gida zuwa zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Irin wannan rabo, wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a littafinsa na rabe-raben adabin Hausa a 1984, ya yi wa malamai da ɗalibai amfani ƙwarai. Sai dai duk lokacin da wani baƙon abu ya ɓullo wanda bai sami gurbi a cikin rabon ba, mukan daɗe muna yi masa kallon hadarin kaji. Haka aka yi wa littattafan soyayya na matasan Kano, har sai da muhawara ta kaure a jaridu cikin shekarun 1990 tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasunsu. Haka kuma aka yi wa finafinan bidiyo bayan fitowar Turmin Danya a 1990. A duka biyun jama'a sun riga masana isa wurin da shekaru masu yawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani baƙon na uku, wato wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem. An zaɓi wasa guda, Resident Evil, daga rukunin da za a kira a nan wasannin tsira cikin firgici, za a kuma auna shi da tatsuniyar Dodo, domin ita ce hanyar da Bahaushe ya daɗe yana bi wajen koya wa ɗansa tsoro da yadda ake cin ƙarfinsa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, wasan ya yi amfani da tubalan da tatsuniya ke gina tsoro da su, amma ya zare tsoron daga bakin mai ba da labari ya damƙa shi a hannun mai sauraro. A cikin wannan sauyi ne ƙarfin wasan yake, a cikinsa ne kuma rauninsa yake. Ya kamata a sani tun da fari cewa hukuncin da ke nan na wanda ya fara taɓa irin wannan wasa ne yana da shekara arba'in da 'yan kai.

2.0 ASALIN WASAN DA RUKUNINSA

Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya fitar da Resident Evil a watan Maris na 1996 a kan na'urar PlayStation, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. A Japan sunansa Biohazard. Ba shi ne na farko a irinsa ba, domin kamfanin ya riga ya fitar da Sweet Home a 1989, a Faransa kuma an yi Alone in the Dark a 1992. Amma shi ne ya raɗa wa rukunin sunan da aka san shi da shi a Ingilishi, sunan da ya haɗa kalmar tsira da kalmar firgici. A 2002 Mikami ya sake gina wasan tun daga tushe, ya ƙara masa ɗakuna da taurari, sa'annan aka gyara hotunan wannan sabon gini aka sake fitar da shi a 2015. Wannan na ƙarshe shi ne wanda na buga, a kan PlayStation 4, kuma a kansa za a yi magana.

Abin da ya raba wannan rukuni da sauran wasannin harbi shi ne rauni. A wasan harbi ana ba mai wasa ƙarfi da makami mai yawa, a ce ya kashe. A nan kuwa ana ba shi harsashi ƙidayayye da magani kaɗan da jiki mai saurin jikkata, a ce ya fita da ransa. Ke nan nasara ba ta rataya ga yawan waɗanda aka kashe ba. Ta rataya ne ga sanin inda za a tsaya da inda za a gudu.

3.0 YADDA NA CI KARO DA WASAN

Aikin koyarwa ne ya kawo ni Bauchi, iyalina kuwa suna Katsina. Wanda ya taɓa zaman gwauranci a garin da ba nasa ba ya san tsawon da dare ke yi bayan sallar isha'i. Kusa da ɗakin da nake haya a Yelwa, a kan hanyar Dass, akwai wani shago mai talabijin huɗu da benci biyu da ƙaramin janareta, inda yara da samari ke biya su buga gem. Yawancinsu ƙwallon ƙafa suke bugawa, ihunsu kuma shi ne ƙarar da na saba barci da ita. Wani dare cikin daminar 2024 na wuce na ji shagon tsit, alhali a cike yake. Na leƙa na tarar da yara kusan goma sun zuba wa talabijin ɗaya ido, wani saurayi yana riƙe da abin sarrafawa, wanda zan kira linzami, yana tafiyar da wata mace a cikin wani dogon lungu mai duhu. Irin wannan shiru na san shi. Shi ne shirun da mukan yi a ɗakin kakata idan labari ya kai inda Dodo ya tsaya bakin ƙofa.

Mai shagon ya taso ya gaishe ni, ya ce, "Malam, bismilla, ko za a gwada?" Na ce, "Samari, ai ni ko riƙe abin ban iya ba." Ya ce, "Wannan ba ya son sauri, Malam, haƙuri yake so." Da wannan magana ya saye ni. Muka yi shawara zan riƙa zuwa bayan yara sun ragu, amma ba su raguwa idan suka ga Malam ya zauna. Na shafe mako uku ina zuwa, awa ɗaya ko biyu a dare, kafin na kai ƙarshe.

Abin da na fara ji kunya ce, ba tsoro ba, domin tauraruwar ta yi ta karo da bango a hannuna yara suna danne dariya. Tsoron ya zo ne bayan minti kaɗan. Na buɗe wata ƙofa daga ɗakin cin abinci, na bi lungu, na tarar da wani durƙushe a kan wani kwance. Ya waiwayo a hankali, fuskarsa fara fat, bakinsa jina-jina. Na ga irin wannan a fim ban motsa ba. A nan kuwa sai na ji tafin hannuna ya jiƙe, domin babu wanda zai gudu da matar nan in ba ni ba.

4.0 JIGO DA WARWARARSA

Labarin ya faru ne a watan Yuli na 1998, a tsaunukan Arklay da ke bayan wani ƙagaggen gari na Amurka mai suna Raccoon City. An yi ta tsintar gawawwakin mutane a cinye, aka tura rukunin 'yan sanda na musamman, suka ɓace. Aka tura rukuni na biyu neman su, karnuka suka far musu a daji, matuƙin jirginsu mai saukar ungulu, Brad Vickers, ya tsorata ya tashi ya bar su. Waɗanda suka tsira suka faɗa wani katafaren gida. Mai wasa zai zaɓi ɗaya daga cikin biyu, Chris Redfield ko Jill Valentine. Ni Jill na zaɓa bisa shawarar yara. Sannu a hankali, ta hanyar wasiƙu da littattafan ajiyar sirri da mazauna gidan suka bari, ake gane cewa a ƙarƙashin gidan akwai ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin magunguna, Umbrella, wanda ke sarrafa ƙwayar cuta don yin makami, cutar kuma ta kuɓuce. Daga ƙarshe sai ta bayyana cewa shugaban tawagar, Albert Wesker, yaron kamfanin ne, da gangan ya kawo mutanensa don a gwada dodannin a kansu.

Babban jigo ke nan shi ne cin amana, ƙaramin jigo kuma shi ne ilimin da ba shi da linzami. A nan wasan ya yi hannun riga da tatsuniya. Dodon tatsuniya daga waje yake zuwa, daga ƙungurmin daji ko gulbi, gari kuma shi ne mafaka. Dodon wannan wasa mutane ne suka ƙera shi, masu digiri da fararen riguna, a cikin gida.

Bahaushen da ya san tarihin ƙasarsa ba zai ji wannan jigo kamar almara zalla ba. A shekarar da wasan ya fito, 1996, annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, kamfanin Pfizer kuma ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya haifar yana cikin abubuwan da aka ambata lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, abin da ya jawo wa yara da yawa nakasa. Masu wasan ba su yi shi da Kano a ransu ba. Amma labari yakan sauka ne a kan abin da ya tarar a zuciyar mai sauraro, don haka ya wajaba malami ya lura cewa jigon na iya farkar da yaro game da amanar masu ilimi, yana kuma iya ƙara masa gudun asibiti.

5.0 ZUBI DA TSARI

5.1 Gida da ƙofofinsa

Mai tatsuniya yana da dabarar jinkiri. Dodo ba ya isowa gaba ɗaya. Yakan rera waƙarsa daga nesa, ya matso ya sake rerawa, ya kuma matsowa, maimaicin nan shi ke ɗaure numfashin yara. Wasan ya sami makwafin wannan a cikin ƙofa. Duk sanda aka buɗe ƙofa sai allon ya yi baƙi, a nuno ƙofar ita kaɗai tana buɗewa a hankali da ƙara. Asalin wannan larura ce, domin na'urar 1996 tana bukatar lokaci ta karanto ɗaki na gaba daga faifai. Masu wasan suka mai da larurar salo, har suka bar ta a fitowar 2015 bayan larurar ta kau. Haka kuma kyamara ba ta bin mai wasa. A kafe take a kusurwar ɗaki, sau da yawa sai ka ji jan ƙafa da gurnani alhali ba ka ga mai yin su ba. Wannan ma sanannen abu ne a tatsuniya, domin ban taɓa jin wata tsohuwa ta siffanta Dodo filla-filla ba. Takan ambaci gashi da tsawo da wutsiya, ta bar sauran wa duhun ɗaki.

Misali mafi kyau shi ne wani lungu mai tagogi. Da na bi shi karon farko gilashi ya tsage kawai, babu abin da ya shigo. Na saki jiki. A wata dawowar ce karnuka suka faso tagar, har linzami ya kusa suɓuce mini. Mai shagon ya gaya mini cewa a wasan 1996 tun karon farko suke fasowa, an sauya ne don a yaudari waɗanda suka san tsohon. Gwanar tatsuniya ma haka take yi idan ta lura yara sun haddace labari.

5.2 Ƙarancin guzuri

Jill tana iya ɗaukar abu takwas kacal, Chris shida. Bindiga gurbi ɗaya ce, harsashi gurbi ɗaya, makulli gurbi ɗaya, ganyen magani gurbi ɗaya. Akwai koren ganye mai warkar da rauni, da ja mai ƙara wa kore ƙarfi, da shuɗi mai karya dafi, ana kuma haɗa su kamar yadda mai maganin gargajiya ke yi. Sauran kaya sai a bar su a akwati. Saboda haka kafin a fita kowane ɗaki na aminci sai an yi lissafi irin na matafiyin da, wanda zai ratsa daji da abin da jakarsa za ta ɗauka.

A nan ne wasan ya fi kusa da tatsuniya. A labarin Auta, kamar yadda kakata ta ba mu shi, Dodo yana zagaya gari da dare kowa ya kulle ƙofa, sarki da dakarunsa sun kasa. Yaro ƙarami ne ya zuba duwatsu a wuta suka yi ja, ya amsa wa Dodo waƙarsa, ya jira har ya matso ya buɗe baki, sa'annan ya jefa masa su ɗaya bayan ɗaya. Duwatsun ƙidayayyu ne, jifa ɗaya kuma in ta kuskure shi ke nan. Darasin shi ne dabara ta fi ƙarfi, wanda kuma shi ne darasin Gizo a gaban zaki da kura. A makon farko na ƙarar da harsashina a kan duk abin da ya motsa, na isa gaban wani ƙaton maciji a saman bene da wuƙa kaɗai. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya ce, "Baba, ba kowa ake harbi ba, wani kewaye shi ake yi." Ban san wata tatsuniya da ta faɗi wannan darasi a taƙaice fiye da haka ba.

5.3 Tafireta da tawada

Ba a adana inda aka kai a wasan sai a gaban tafireta, kuma sai da zaren tawada, wanda shi ma ƙidayayye ne. Wanda ya mutu bai adana ba zai koma inda ya yi rubutun ƙarshe. Ma'anar wannan ga mai nazarin adabi a fili take, wato abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne. A Bauchi dokar ta sami ƙarin haƙori da masu wasan ba su shirya ba. Wani dare na yi tafiyar fiye da awa ɗaya ina rowar tawada, sai aka ɗauke wuta, kafin a ta da janareta duk wahalar ta tafi. Tun daga ranar na lura yara suna sa wutar lantarki cikin lissafinsu kamar yadda suke sa karnuka.

6.0 TAURARI: DODO, FATALWA DA ZOMBI

Yaran shagon suna kiran abokan gabar da sunaye uku, wani ya ce dodanni, wani ya ce fatalwa, wani ya ce zombi. Wannan ruɗani yana da dalili, domin Hausa ba ta da kalmar da ta yi daidai da abin. Fatalwa a tunanin Bahaushe siffar mamaci ce da ake gani ba a taɓawa. Abin da ke cikin wasan kishiyar haka ne, jiki ne mai nauyi wanda babu kowa a cikinsa. Kalmar zombi kanta masana da dama suna danganta ta da harsunan yankin Kwango, ta bi bayi zuwa Haiti, inda take nufin mutumin da boka ya ƙwace wa kurwa ya mai da shi bawan gona. Wannan ya fi kusa da abin da Bahaushe ke faɗa game da maye da kamun kurwa. Fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead, shi ya sauya siffar zuwa gawa mai cin naman mutane, wasan kuma ya ɗora mata ƙwayar cuta a matsayin sanadi. Ke nan abin ya bar Afirka yana ɗauke da tarihin bauta, ya dawo mata ta Amurka da Japan an wanke masa wannan tarihi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun gawa. A ginin 2002 an ƙara wata doka, cewa zombin da aka kayar ba a fasa kansa ba zai sake tashi bayan wani lokaci, ya fi da sauri da mugunta. Maganinsa shi ne a zuba masa kananzir a kunna laita, gorar kananzir ɗin kuma sau biyu kawai take yi kafin a koma ɗebowa. Ta fuskar tsari wannan gwaninta ce, domin ta mai da kowace nasara bashi. Ta fuskar al'ada kuwa abu ne mai nauyi ga wanda ya tashi inda ake yi wa mamaci wanka da sutura da salla, inda kuma ake tashi tsaye idan an wuce da makara. Na yi jinkiri kafin na ƙona ta farko. Yara ba su yi ba, kuma ban ga alamar sun ɗauki abin a matsayin gawa ba. Ba zan yanke hukunci a kan tarbiyyarsu daga wannan kaɗai ba, amma abin lura ne.

Tauraruwar da ta ɗaga wasan zuwa matsayin adabi ita ce Lisa Trevor, 'yar maginin gidan. An kama ta da mahaifiyarta tun 1967, aka yi ta gwaji a kanta shekara da shekaru har ta tashi daga kamannin mutane, tana yawo da mari a hannu tana neman uwarta. Harsashi ba ya kashe ta. Hanyar rabuwa da ita ita ce a ture duwatsu huɗu a buɗe akwatin da ƙasusuwan uwar suke, ta ɗauki ƙoƙon kan, ta faɗa rami da shi. A tatsuniyoyinmu marainiya ita ce abar tausayi wadda kishiyar uwa ke aika wa gidan Dodo. A nan marainiyar ce aka mai da Dodo, kuma da tausayi ake cin ta. A wannan wuri ne kuma ake tambayar mai wasa ko zai mayar wa Barry Burton bindigarsa, bayan ya ci amanar Jill. Na mayar masa, daga baya ta bayyana cewa Wesker ne ya yi masa barazana da iyalinsa da ke nesa. Wataƙila da ina kwana cikin iyalina da ban yi saurin yafe masa ba.

7.0 INDA WASAN YA GAZA

Rauni na farko na hankali ne. Gidan cike yake da makullai masu tambarin takobi da sulke da garkuwa da kwalkwali, da ƙofar da ba ta buɗewa sai an kaɗa fiyano, ba a kuma gamsar da mai wasa yadda ma'aikata suka rayu a irin wannan gida ba. Yawan kai da komo tsakanin akwati da ƙofa yakan kashe tsoro ya bar gajiya. Maganganun taurari ma ba su da gishiri, wasiƙun matattu sun fi zancen rayayyu daɗi.

Rauni na biyu ya fi girma. Bayan wasan ya shafe sa'o'i yana koyar da tattali da dabara, a ƙarshen da na samu sai Brad, wanda ya gudu tun farko, ya jefo makamin roka daga sama, aka harbe babban dodon da shi. A tatsuniya ma taimako yakan zo daga waje, amma sai an biya shi da hali, kamar yarinyar da ta cuɗa wa tsohuwa baya kafin a nuna mata hanya. A nan ƙarfi ne ya zo ya rushe darasin da aka gina.

Rauni na uku ya shafi mazaunin tsoron. Tatsuniya tana da mabuɗi da marufi. Ana buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, marufin nan kuma shi ke shaida wa yaro cewa ƙarya ce, ya kwanta. Mai ba da ita ta san kowane yaro, tana ganin idonsa, in ta ga abin ya yi yawa ta sako Gizo a yi dariya. Na'ura ba ta san wanda ke gabanta ba. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sanya wasan a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama, amma rabin masu kallona ba su kai sha uku ba. Abin da ya rage wannan illa a shagon Yelwa shi ne taron kansa. An tsara wasan don mutum ɗaya a ɗaki shi kaɗai, yaran kuwa sun mai da shi dandali, ɗaya yana riƙe da linzami, wani yana fassara wasiƙu da Hausa, wani yana ba waɗanda suka makara labarin abin da ya wuce, da ƙari da kwaikwayon murya. Wato sun mayar wa wasan bakin mai ba da labari da aka cire masa.

8.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa Resident Evil ya gina tsoronsa da jinkiri da ɓoye siffa da raunin tauraro da fifita dabara, waɗanda duk tubalan tatsuniyar Dodo ne. An kuma nuna cewa ya bambanta da ita ta wajen asalin dodon, da matsayin gawa, da rashin marufi, da kuma ɗora alhakin tsira a kan mai sauraro. Wasan ba adabin Hausa ba ne, domin ba Bahaushe ya yi shi ba, ba kuma da Hausa aka yi shi ba. Amma abin da yaran Bauchi ke yi da shi a baki, da Hausa suke yin sa, wannan kuwa hurumin sassan nazarin harsunan Nijeriya ne.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Ta farko, ɗalibai masu neman batun kundin digiri su shiga irin waɗannan shaguna su naɗi yadda yara ke ba da labarin wasanni da kalmomin da suke ƙirƙira, kamar yadda Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi aka buga su tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tara nasa a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni. Ta biyu, a yi zama a kan kalmomin fannu na wannan fage tun kafin aron ya kafu yadda ba zai gyaru ba. Ta uku, sassanmu su nemi haɗin kai da sassan kimiyyar kwamfuta, domin a labarin Auta da na rijiyar Kusugu da Iliya Ɗan Maiƙarfi akwai kayan da za su ɗauki irin wannan gini, da marufinsu da darasinsu. Mun makara a kan littattafan soyayya, mun makara a kan fim, yaran da suka koya mini kewaye zombi kuwa nan da 'yan shekaru su ne za su zauna a azuzuwanmu.